Waliyiya Josephine Bakhita, Yarinyar da Aka Sace Har Ta Manta Sunanta

Ranar 8 ga Fabrairu ta kowace shekara Ikilisiyar Katolika takan tuna da Waliyiya Josephine Bakhita, 'yar ƙasar Sudan. Mun rubuto tarihinta a nan saboda malaman katikizim, da malaman makarantar Lahadi, da iyayenmu mata na zumunta waɗanda suke tara yara bayan sujada, musamman a ƙauyukanmu na ƙasar Ƙaraye da Rogo. Akwai waliyyan da sai malami ya yi ta bayani kafin yaro ya gane inda tarihinsu ya dosa. Na Bakhita kuwa, da zarar an ce an sace ta tana ƙarama sai aji ya yi tsit. Yaranmu sun san abin da ake nufi. Manyansu sun ji labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, ƙananan ma sun sha jin iyaye suna ƙus-ƙus da dare a kan wanda aka ɗauke da kuɗin fansar da aka yanka. Don haka tarihin nan yana bukatar mai faɗa da gaskiya, wanda kuma yake lura da fuskokin masu saurarensa.

An haife ta wajen shekarar 1869 a wani ƙauye mai suna Olgossa, a ƙasar Darfur ta yammacin Sudan, can wajen garin Niyala. Mutanenta Daju ne, manoma, kuma mahaifinta ɗan'uwan mai garin ne. Ta taso cikin 'yan'uwa maza da mata a gidan da ake da rufin asiri. Baƙin cikin farko da ta sani shi ne ranar da maharan bayi suka faɗa wa ƙauyen suka tafi da babbar yayarta, ba a kuma sake ganinta ba.

Wajen 1877, tana da shekara bakwai ko takwas, ta fita bayan gari tare da wata ƙawarta suna tsinkar ganye. Wasu mutum biyu suka tare su da fara'a. Suka ce ƙawar ta yi gaba, ita kuma ta shiga cikin kurmi ta ɗauko musu wani ƙunshi da suka manta. Yarinya ce mai ladabi, an koya mata jin maganar manya, sai ta shiga. Tana shiga ɗaya ya damƙe ta ya zaro wuƙa, ɗayan ya nuna mata bindiga. Muna roƙon malamai kada su wuce wannan wuri da sauri, domin har gobe da irin wannan dabara ake ɗauke yara: baƙo mai murmushi, da ɗan aike, da raba yaro da abokin tafiyarsa.

Da suka tambaye ta sunanta, tsoro ya ɗaure mata harshe. Sai suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Tun daga ranar sunanta na yanka ya ɓace mata, kuma har ta mutu tana tsohuwa bai dawo mata ba. Harshen gidansu ma a hankali ya zube daga bakinta. Wannan al'ada ta canza wa bawa suna ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A nan ma akan sa wa bayi sunaye masu daɗin ji irin su Barka, da Nagode, da Allah-bar-Sarki, sunayen da suke faɗin murnar mai saye. Bakhita irinsu ne: wanda ya yi sa'a a ranar shi ne wanda ya sami abin sayarwa.

Aka kulle ta a wani ɗaki wajen wata guda, sannan aka sayar da ita ga wani fatake, aka haɗa ta da ayarin bayi. Ta taɓa gudu ita da wata yarinya, suka kwana a daji, amma mutumin da suka roƙa ya nuna musu hanyar gida sai ya kulle su a garken tumaki ya sayar da su. Haka ta taka ɗaruruwan kilomita ba takalmi har El Obeid, babban birnin Kordofan. Wannan hanya ta Darfur da Kordofan zuwa Kartum da Suwakin ita ce alhazanmu na dā suke bi da ƙafa in za su Makka, shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan.

Kada yara su ɗauka wannan abu sai a ƙasa mai nisa ya faru. A daidai shekarun da aka sace Bakhita aka haifi wata yarinya a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Rogo a yanzu. Ita ce Baba ta Karo, Musulma, wadda da ta tsufa ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Baba ta faɗi yadda mahara suke faɗa wa ƙauyukan wannan yanki, yadda ake gudu cikin garin da yake da ganuwa, da yadda aka kama mata da yara na danginta sai da aka biya wuri mai yawa kafin aka fanso su. Kuma danginta su kansu suna da rinji cike da bayi. Turawa sun ci Kano a 1903, amma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. In yaro ya tambayi kakarsa, mai yiwuwa ne ya ji an ambaci wani a zuriyarsu da aka kama, ko kuwa wanda ya mallaki bayi.

A El Obeid wani attajiri ya saye ta ta riƙa yi wa 'ya'yansa mata hidima. Wata rana ta yi wani ɗan kuskure, ɗan maigidan ya yi ta dukanta da shuri har ta yi wata guda ba ta iya tashi daga tabarma. Daga nan aka sayar da ita ga wani janar na sojan Turkiyya, domin a lokacin Sudan tana hannun Masar da Turkawa. Ta yi wajen shekara uku a gidan, tana yi wa matarsa da surukarsa bauta, kusan kullum da bulala, wani miki bai warke ba an ɗora wani. A gidan ne aka kira wata mata ta zo da farin gari da gishiri da aska. Ta zana zane da garin a jikin yarinyar, ta bi zanen da aska, sannan aka cusa gishiri a cikin yankan domin tabon ya tashi. Yanka 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannun dama. Mu mun san tsaga, amma tsagar da wanzami yake yi wa jariri ta gado ce, tana nuna gidan da ya fito. Wannan kuwa don adon gidan masu ita aka yi, kamar yadda ake sa wa dabba alama. Ga ƙananan yara ya isa a ce an ji mata ciwo ƙwarai kuma tabon bai ɓace ba. 'Yan shekara goma sha biyu zuwa sama za a iya gaya musu dalla-dalla.

Da rundunar Mahadi ta matso El Obeid a ƙarshen 1882, janar ɗin ya tattara ya bar garin. A Kartum, cikin 1883, ya sayar da Bakhita ga Callisto Legnani, wakilin gwamnatin Italiya. A gidansa ne karo na farko tun da aka sace ta ta kwana ta tashi ba zagi ba bulala. Da yaƙi ya tunkaro Kartum, Legnani ya yi shirin komawa gida, ita kuwa ta nace da roƙo ya tafi da ita. Suka hau raƙuma zuwa Suwakin a bakin Bahar Maliya, tare da abokinsa Augusto Michieli. Kartum ta faɗa hannun Mahadi a Janairun 1885, su kuma suka sauka tashar Jenowa ta Italiya a watan Afrilu. A nan matar Michieli, Maria Turina, ta nuna tana son baiwar, sai Legnani ya ba ta ita kyauta. Mutumin kirki ne in an gwada shi da na baya, amma da kuɗi ya saye ta, kuma ya bayar da ita kamar yadda ake ba da akuya, ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta.

Ta zauna da iyalin Michieli a ƙauyen Zianigo, kusa da birnin Benis. Da aka haifa musu 'ya mace a 1886, wadda ake kira Mimmina, Bakhita ce ta zama mai renonta, suka shaƙu ƙwarai. Mai kula da dukiyar gidan, Illuminato Checchini, Kirista ne mai himma. Shi ya ba ta wani ɗan gicciye na azurfa, ya gaya mata wanda ke jikinsa Yesu ne Ɗan Allah, wanda ya mutu dominta ita ma. Ba ta gane sosai ba, amma ta ɓoye shi don kada a ƙwace, domin ba ta taɓa mallakar wani abu nata na kanta ba. Michieli ya sayi otal a Suwakin, kuma a ƙarshen 1888 matarsa ta bi shi can don shirya ƙaura. Da shawarar Checchini aka bar Mimmina da Bakhita a hannun Sistocin Kanosa, a gidan koyar da masu shirin baftisma da ke Benis.

Daga baya ta ba da labari cewa tun tana yarinya in ta dubi rana da wata da taurari takan tambayi kanta ko wane ne mai waɗannan abubuwa, tana jin marmarin ta gan shi ta gaishe shi. Da yawa daga cikinmu a Rogo da Ƙaraye jikokin Maguzawa ne, kuma kakanninmu ma sun san akwai Allah a sama tun kafin mai bishara ya iso, sai dai suna ganin ya yi nisa, don haka suka riƙa neman biyan bukata wajen iskoki. Abin da sistoci suka koya wa Bakhita shi ne wannan Allah da take nema ya san ta tun tana Olgossa, ya san sunan da ita kanta ta manta, yana kuma ƙaunarta.

Da harshen mutanen Benis takan kira Allah Paron, kalmar da bara yake kiran maigidansa da ita. Paparoma Benedict na 16 ya tsaya a kan wannan a wasiƙarsa ta 2007 game da bege. Mu masu jin Hausa abin ya fi mana sauƙin ganewa, domin kalma ɗaya muke da ita: mai bawa ubangijinsa ne, Mahaliccinmu kuma Ubangiji muke ce masa. Malami yana iya sa yara su ƙirga iyayengijin da Bakhita ta yi, daga fatake zuwa attajiri zuwa janar zuwa Bature, sannan ya nuna musu Ubangiji na ƙarshe da ta samu. Shi wannan an taɓa sayar da shi a kan azurfa talatin, an yi masa bulala, kuma ko bayan tashinsa daga matattu tabon ƙusa yana hannunsa. Mai tabo 114 ba ta sha wahalar gane shi ba.

A 1889 Maria Turina ta dawo don ta ɗauki 'yarta da baiwarta su koma Suwakin. Bakhita ta ce ba za ta ba. Mu a ganinmu nan ne tsakiyar tarihin nan, kuma nan ne masu ba da shi suka fi yin gaggawa. Yarinyar da ta shekara goma sha biyu tana amsa to ga duk wanda ya riƙe igiyarta, ranar nan ta ƙi. Ta san in ta koma ba za ta ƙarasa koyon bangaskiya ba, ba kuma za ta sami baftisma ba. Kwana uku matar tana matsa mata, da lallashi, da gori cewa ta yi butulci, da kukan Mimmina wadda Bakhita take ƙauna kamar 'yar cikinta. Wannan na ƙarshe ne ya fi yi mata ciwo. Shugabar sistoci ta kai maganar gaban hukuma, babban bishop na Benis da lauyan gwamnatin sarki suka shiga ciki. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, ita ke da ikon zaɓar inda za ta zauna. Ta zaɓi zama wurin sistoci.

Muna koya wa yara biyayya, kuma daidai ne, Littafi Mai Tsarki ya umarta. Amma in biyayya kaɗai muka ciro daga rayuwar Bakhita, mun bar rabinta a ƙasa. Daga ƙauyukanmu ana kai 'yan mata aikatau Kano da Kaduna da Abuja, sau da yawa ta hannun wata dillaliya wadda ita take karɓar kuɗin wata. Wasu sukan dace da gidan kirki. Wasu kuwa a hana su makaranta da zuwa sujada, a canza musu suna, a yi musu abin da ba za su iya faɗa ba. Ya kamata yarinya ta ji daga bakin malaminta na coci cewa wata waliyiya ta taɓa cewa a'a, ta nemi taimakon manya masu tsoron Allah da na hukuma, Ikilisiya kuma ta tsaya mata.

Ranar 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma, aka ba ta suna Josephine Margaret Fortunata. Josephine shi ne na mace na sunan Yusufu, Fortunata kuma fassarar Bakhita ce da harshen Italiya, wato ta riƙe sunan da ɓarayi suka ba ta amma yanzu da ma'anarsa ta gaskiya. A ranar ta karɓi ƙarfafawa da tarayya mai tsarki daga hannun babban bishop na Benis. Ta shiga horon zama sista a Disambar 1893, ta ɗauki alkawari ranar 8 ga Disamba 1896 a Berona. A 1902 aka tura ta garin Skiyo a arewacin Italiya, inda ta yi kusan duk sauran kwanakinta.

Ayyukanta a Skiyo su ne girki, da ɗinki, da gyaran kayan bagade, da tsaron ƙofa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba wani abin mamaki da za a ba yara labari, sai dai mace mai fara'a da tattausar murya wadda take buɗe ƙofa ta ɗora hannu a kan yaran makaranta in sun shigo. Da farko wasu yaran suna gudunta don ba su taɓa ganin baƙar fata ba, daga baya mutanen gari suka riƙa kiranta Madre Moretta, wato baƙar uwa. A yaƙin duniya na farko an mai da wani sashe na gidan sistocin asibitin soja, ta yi jinyar masu rauni. Da littafin tarihinta ya fito a 1931 sunanta ya bazu, aka riƙa yawo da ita gari-gari tana ba da shaida, tsakanin 1935 da 1939 kuma ta zauna a Bimerkate kusa da Milan, inda ake shirya sistoci masu zuwa aikin bishara. Wannan yawo bai yi mata daɗi ba, domin wasu kallo kawai suke zuwa yi, amma ta yi shi.

A irin waɗannan tarurruka ne aka tambaye ta abin da za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta. Ta amsa cewa za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ta wannan hanya ce ta zo ta san Almasihu. Wannan amsa ita ce aka fi sani game da ita, kuma ita ce aka fi koyarwa a karkace. Ba ta ce satar yara abu ne mai kyau ba. Yusufu ma a Masar ya gafarta wa 'yan'uwansa, amma ya gaya musu a fili cewa mugunta suka nufa, Allah ne ya juya ta. Sannan Bakhita ta faɗi haka ne bayan shekaru masu yawa na addu'a. In akwai yaro a aji wanda aka taɓa ɗauke wani nasa, kada a tsayar da shi a gaban jama'a a ce lallai ya furta gafara yau.

Haka kuma kada malami ya mai da tarihin nan makamin ƙin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su a Rogo da Ƙaraye. Waɗanda suka saye ta suka sayar akwai Larabawa, akwai Baturke, akwai Turawan ƙasar Kirista. A Oktoban 2019 'yan sandan Kano sun gano yara tara 'ya'yan Musulmi da aka sace daga unguwannin Kano aka kai Anaca, aka canza musu suna da addini. Hawayen iyayensu da na mahaifiyar Bakhita iri ɗaya ne, kuma duk wanda ya yi wannan aiki, ko wane suna yake amsawa, aikin maharan Olgossa ya yi.

Shekarunta na ƙarshe ta yi su cikin ciwo, a keken guragu. Da ajali ya matso, zafin ciwo ya mai da hankalinta kwanakin bauta, har ta riƙa roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙi don sun yi nauyi. Yana da kyau manyan yara su ji wannan ma: ta gafarta da zuciya ɗaya, amma jikinta bai manta ba. Ta rasu da daren Asabar, 8 ga Fabrairu 1947, da sunan Maryamu a bakinta. Kwana uku mutane suna layi don ganin gawarta, iyaye mata suna ɗaga hannunta suna ɗorawa a kan 'ya'yansu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin masu albarka ranar 17 ga Mayu 1992, ya je Kartum a Fabrairun 1993 ya yi ta ambatonta a gaban 'yan ƙasarta, sannan ranar 1 ga Oktoba 2000 ya bayyana ta waliyiya. Tun 2015, a zamanin Paparoma Francis, ranar tunawa da ita ta zama ranar addu'a ta duniya saboda waɗanda ake fataucinsu. A Nijeriya hukumar da take yaƙi da wannan fatauci ita ce NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana kuma da ofis a Kano.

Ga shawararmu ga ranar Lahadin da ta fi kusa da 8 ga Fabrairu. Bayan an gama ba da tarihin an yi addu'a domin yaran da suke hannun masu garkuwa, a sa kowane yaro ya tashi ya faɗi cikakken sunansa, da na mahaifinsa da mahaifiyarsa, da sunan ƙauyensu da ƙaramar hukumarsu, da lambar wayar wani babba a gidan, duk da ka. Wanda ya kasa, a rubuta masa ya je ya haddace, a sake tambayarsa mako mai zuwa. Iyayen da suke shirin ba da 'ya aikatau kuma, katikis da shugabar zumuntar mata su zauna da su tukuna, a rubuta sunan gidan da za a kai ta, da unguwar, da lambar waya, da ranar da za a je a gano ta.